Faɗuwar Maki, Ciwon Damuwa da Ran Ɗalibi

Duk wanda ya yi karatu a Samaru ko Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a Jami'ar Jihar Kaduna, ya san yadda sashe yake zama ranar da aka ce sakamako ya fito. A da a allon sanarwa ake liƙa shi, ɗalibai su yi cincirindo, kowa na bin lambarsa da yatsa. Yanzu galibi a waya ake dubawa, ko wani ya ɗauki hoton takardar ya jefa a zauren WhatsApp na aji. Wani ya yi sujada, wani ya kira gida da murna. Akwai kuma wanda zai duba, ya mayar da wayar aljihu, ya ce wa na kusa da shi "Alhamdu lillahi", ya wuce ɗaki ya kwanta, daga ranar kuma ganinsa a lakca ya fara wuya. A kan wannan ɗalibin nake son mu tsaya.

Idan yaron da aka sani da ƙoƙari ya fara tara kariyoba, wato kwasa-kwasan da ya faɗi zai maimaita, amsoshinmu a shirye suke. A ce ya shiga abokan banza, ko soyayya ta ɗauke masa hankali, ko waya ce, ko kuma dama ƙoƙarin na sakandare ne, jami'a ta fi ƙarfinsa. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma akwai kaso mai yawa na waɗannan yara da rashin lafiya ce ke cinsu, kuma takardar sakamako ce wurin farko da ciwon ya bayyana a fili. Mu kuma sai mu karanta ta a matsayin shaidar lalaci, mu yi faɗa, mu wuce.

Ciwon damuwa, ko tsananin damuwa kamar yadda ake kiransa a rediyo, ya wuce ɓacin ran kwana biyu da kowa ke yi. Likitoci suna maganarsa ne idan mutum ya ɗauki aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙunci ko rashin jin daɗin abubuwan da a da yake so, tare da wasu alamu: barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, abinci ya fita daga rai, jiki ya mutu, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, a wasu lokutan kuma tunanin mutuwa ya riƙa zuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 280 ne ke fama da shi. Bincike kuma ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 24, wato daidai shekarun da 'ya'yanmu suke tsakanin aji ɗaya da aji huɗu.

A duba waɗannan alamun, sannan a duba abin da karatun jami'a yake buƙata. Yana buƙatar barci, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa take ajiye abin da aka karanta. Yana buƙatar hankali ya tsaya a kan shafi, da ƙarfin tashi lakcar ƙarfe bakwai ko takwas, da ƙarfin zuciyar zuwa wurin malami a ce "Malam, ban gane ba". Ciwon damuwa waɗannan abubuwan yake fara cinyewa. Ɗalibi zai kai awa uku a aji da dare, handawut a buɗe a gabansa, ya karanta sakin layi ɗaya sau biyar, ya tashi bai riƙe komai ba. Abokansa sun ga ya yi karatun dare, shi ma ya san ya zauna, don haka idan F ta fito ba shi da bayanin da zai yi wa kansa sai cewa shi daƙiƙi ne.

Wani abin da ke ƙara ɓoye ciwon a wurinmu shi ne yadda yake fitowa ta jiki. Ɗalibinmu da wuya ya je asibitin makaranta ya ce zuciyarsa a ƙuntace take. Zai ce kansa na ciwo, ko yana jin zafi a tsakiyar kai, ko idanunsa na yaji idan ya buɗe littafi, ko kamar wani abu na yawo a jikinsa. Sai a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya dawo a ce taifod ne, zangon karatu ya ƙare a haka. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, ya rubuta bayanin irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya, abin da ɗaliban da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Daga baya masana da dama sun ga cewa a ƙarƙashin koken sau da yawa damuwa ce da fargaba.

Alaƙar ciwon da maki kuma ta ɓangare biyu take tafiya. Damuwa na jawo faɗuwar maki, faɗuwar maki na ƙara damuwa, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Wani bincike da aka yi a wata jami'ar Amurka aka buga a 2005 ya gano cewa ɗaliban da aka tabbatar suna da ciwon makinsu ya ragu da kusan rabin maki a ma'aunin can mai maki huɗu, waɗanda suka samu magani kuma sun maido da kusan duk abin da suka rasa. Wannan kashi na biyun ya fi muhimmanci a wurina, domin yana nuna ƙwaƙwalwar yaron tana nan, ciwo ne ya danne ta.

Sai dai tsarin lissafin makinmu ba ya mantuwa, kuma ya kamata iyaye su fahimci wannan. A yawancin jami'o'inmu A maki biyar ce, B huɗu, har zuwa F da ba ta da ko ɗaya. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, babbar daraja ta biyu (2:1) daga 3.50, ƙaramar daraja ta biyu (2:2) daga 2.40. A ɗauki misalin ɗalibar da ta gama aji biyu da CGPA, wato matsakaicin makinta na duk zangunan da ta yi, 3.60 a kan yunit 80 (yunit shi ne nauyin kowane kwas a lissafi). Ta shiga aji uku, ciwo ya kama ta, zango ɗaya mai yunit 20 ta fito da 1.50. Nan take jimillarta ta koma 3.18, ta faɗo daga 2:1. Idan yunit 60 suka rage mata, sai ta riƙa samun sama da 4.00 a kowane zango har ta gama kafin ta koma 3.50, alhali tana ɗauke da kwasa-kwasan da ta faɗi a kan na sabon aji, wani lokacin ma lakcocin suna cin karo. Ɗalibai sun iya wannan lissafin fiye da kowa. Suna yinsa a bayan littafi da tsakar dare, kuma mai ciwon damuwa duk lokacin da ya yi shi amsa ɗaya yake gani, cewa ya riga ya makara. A gabansa kuma akwai gargaɗin kora idan maki ya yi ƙasa sosai, da ƙa'idar da ta iyakance kwas ɗin shekara huɗu ga shekara shida, da tallan aikin da ke cewa sai mai 2:1 kuma kada ya wuce shekaru kaza, da dokar hidimar ƙasa da ke cire wanda ya haura 30 kafin ya gama.

A kan wannan ne yanayin 'yan shekarun nan ya ɗora nasa nauyin. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na kusan wata tara sun cinye shekara guda. A 2022 aka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Da aka dawo sai aka riƙa matse zango domin a cike giɓi, a koyar da aikin wata huɗu cikin 'yan makonni. A 2021 an ƙara kuɗin makarantun gaba da sakandare na jihar Kaduna ƙari mai yawa, har a 2023 Gwamna Uba Sani ya rage, na jami'ar jihar ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000. A shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya taimaki wasu, amma naira 20,000 da ake ba su a wata ba ta kai ɗalibi ƙarshen wata a Zariya ko Kaduna. Ga kuma tsaro. A 2021 aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da na jami'ar Greenfield, aka kashe wasu daga cikin na Greenfield. Yaron da iyayensa ke Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru, wanda duk kiran da ya shigo daga gida sai gabansa ya faɗi, ba a zaci ya zauna jarrabawa da kwanciyar hankali irin ta kowa ba.

Yanzu ga maganar da ba ma son yi, wato kashe kai. Akwai masu cewa wannan matsalar Turawa ce ko ta 'yan Kudu, mu nan addini ya tsare mu. Gaskiya ne riƙo da addini da zumunci suna daga cikin abubuwan da ke kare mutum. Amma abin yana faruwa a cikinmu, illa dai iyali kan rufe, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, saboda kunya da tsoron abin da za a ce game da jana'iza. A duniya sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, fiye da kashi 70 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, kuma yana cikin manyan dalilai huɗu na mutuwar masu shekara 15 zuwa 29.

Idan labari ya fito a Facebook cewa ɗalibi ya kashe kansa "saboda ya faɗi jarrabawa", an gajarta magana har ta zama kuskure. Dubban ɗalibai na faɗuwa kowane zango, su yi kuka, su sake rijista, su wuce. Abin da ke kai mutum bakin wannan ramin haɗuwar abubuwa ce: ciwon da ba a yi maganinsa ba, da jin cewa ya zama nauyi a kan mutanensa, da kaɗaici, da ganin cewa duk ƙofofi sun rufe. Faɗuwar jarrabawa takan zo ne a ƙarshe ta tarar da waɗannan a jere. Yaɗa labarin da wannan sigar, da hoto da bayanin yadda aka yi da wasiƙar da aka bari, yana da haɗari na gaske, domin an daɗe da tabbatar da cewa irin wannan yaɗawa na jawo wasu masu rauni su kwaikwaya.

A ganina abin da ya fi haɗari a wurinmu shi ne faɗuwa a ɓoye. A yi tunanin ɗan fari a gidan da ba a taɓa yin mai digiri ba. An sayar da buhunan masara an biya masa rijista, mahaifiya ta ɗauki adashi ta aika masa, ƙannensa na kallonsa, tun yana aji ɗaya a unguwa ake ce masa Injiniya ko Barista ko Dakta. Sai ya samu kariyoba a aji biyu bai faɗa ba, yana cewa zai gyara. Aji uku ta ƙaru. Abokansa suka gama, shi ya zauna sifiloba, wato ƙarin shekara don gyara abin da ya faɗi, a gida ya ce yajin aiki ne ya ja lokaci. Baba ya kira ya ce, "Yaushe za a tafi hidimar ƙasar ne?" Ya ce, "Sunanmu bai fito ba tukuna, Baba, sai rukuni na gaba." Akwai ma waɗanda an sallame su daga makaranta amma suna nan a Samaru suna kwana a ɗakin abokai, suna karɓar kuɗin abinci daga gida, domin ba su san da bakin da za su faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yaron ya san ranar na zuwa. Duk kwanan da ya ƙara ƙaryar na ƙara girma, hanyar komawa gida na ƙara tsukewa a idonsa. Masu ilimin wannan fanni suna ɗaukar wannan jin na an shiga tarko a matsayin ɗaya daga cikin manyan alamun haɗari.

Kada kuma a ɗauka masu faɗuwa kaɗai abin ya shafa. Ɗalibin da ke kan 4.60, wanda duk darajarsa a gida da makaranta a kan wannan lambar take, C ɗaya na iya girgiza shi fiye da yadda F ke girgiza wani. Wani babban nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe sama da 40, ya nuna kusan kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci na da alamun ciwon damuwa, kusan kashi 11 sun yi tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamun waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Waɗannan su ne yaran da suka fi kowa cin jarrabawa tun daga firamare. Mata kuma suna da nasu ƙarin kayan: wadda ke haɗa karatu da aure da goyo, da wadda aka ce in ta faɗi a cire ta a yi mata aure, da wadda wani malami ya matsa wa lamba ba ta da inda za ta kai kuka. Ga masu neman mafaka a taramol da kodin da ƙwayoyin hana barci, waɗanda ke ba da sauƙin awa kaɗan su bar ciwon ya ninka.

Me ke hana yaro magana? Na farko amsar da ya san zai samu. Za a ce masa raki ne, ko ƙarancin imani, ko a ce aljanu ne ko an yi masa sammu saboda ƙoƙarinsa. Ba ni da ja da addu'a da ruƙiyya ta shari'a, kuma haramcin kashe kai a bayyane yake a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ƙare da ambaton rahamar Allah. Amma addinin da ya haramta shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma shi ya ba mu labarin Annabi Yaƙub da idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki ba tare da imaninsa ya ragu ba. 'Yan'uwanmu Kirista suna da labarin Annabi Iliya da ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa, aka fara ba shi abinci da ruwa da barci kafin a yi masa wata magana. Limami ko fasto da ya ce wa yaro "mu yi addu'a, gobe kuma zan raka ka wurin likita" ya yi aikin addini cikakke.

Na biyu sunan asibitin. A Kaduna idan aka ce za a kai mutum Barnawa, kowa ya san abin da ake nufi, har zagi ake yi da shi. Alhali asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can yana ganin mutane da yawa da ke zuwa da ƙafarsu, su ga likita, su karɓi magani su koma aikinsu a ranar. Akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika da na Barau Dikko. Na uku ƙarancin likitocin: ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Na huɗu doka. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma tsofaffin kundayen laifuka, sashe na 231 na wanda Arewa ta gada da na 327 na Kudu, sun ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ke iya kai mutum kurkuku har shekara ɗaya. Irin wannan doka na sa abokan ɗaki su ɓoye wanda ya kamata su ruga da shi asibiti. Ghana ta soke tata a 2023, kuma ya kamata mu bi sahu.

Jami'a ce ta fi kowa damar ganin matsalar da wuri, domin alamar tana hannunta. Jami'in jarrabawa da kodinetan aji suna ganin makin kowa kafin mai shi ya gani. Ɗalibin da ya sauko daga 3.80 zuwa 1.90 a zango ɗaya, ko wanda bai zauna jarrabawa uku ba, bai kamata abin da zai fara samu ya zama sunansa a jerin gargaɗi ba. Ya kamata wani ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya ce, "Ba haka na san ka ba. Me ke faruwa? Kana barci kuwa? Ya mutanen gida?" Na san malamanmu aiki ya yi musu yawa, wani kodinetan yana riƙe da ɗaruruwan ɗalibai, amma waɗanda makinsu ya faɗi irin wannan faɗuwar a zango guda ba su da yawan da zai gagara. Haka nan dokokin jami'o'i sun ba da damar jingine zango saboda rashin lafiya, in an kawo takardar likita. Ɗalibai da yawa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma suna zaton sai mai karaya ko tiyata. A faɗa musu tun ranar rantsuwar shiga makaranta cewa ciwon damuwa na cikin lissafi. Zango ɗaya da aka jingine ya fi F shida da za su bi mutum har ƙarshe. Ma'aikatan asibitin makaranta kuma ana iya horar da su su gane ciwon su fara kula da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin irin wannan horo tun 2008 domin wuraren da ba su da ƙwararru.

Iyaye kuma akwai jumlar da ya kamata yaro ya ji daga bakinsu tun kafin ya buƙace ta: "Ko me ya faru a makaranta, ka faɗa mini, gidan nan gidanku ne." Wannan ba ya hana a yi faɗa idan an ga sakaci. Amma yaron da ya tabbata cewa zai iya dawowa da mummunan sakamako a yi faɗan a gama, sannan a zauna a nemi mafita, ba zai kwashe shekara biyu yana ɓoyo ba. A rage kiran yaro da sunan aikin da bai kai gare shi ba tukuna, kuma a riƙa tambayar lafiyarsa da barcinsa kamar yadda ake tambayar makinsa.

Mafi kusa da ɗalibi dai abokin ɗakinsa ne. Shi ke ganin ya daina wanka, ya daina zuwa masallaci ko coci, abincinsa na kwana a kwano, yana raba kayansa, yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, ko yana cewa "na gaji da komai" da "kun kusa hutawa da ni". Kada a ɗauki irin wannan magana wasa, kuma kada a ji tsoron tambaya kai tsaye: "Mutumina, kana tunanin kashe kanka ne?" Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuma sau da yawa sauƙi yake ji an ba shi damar magana. Idan ya ce e, ba lokacin wa'azi ko musu ba ne. A zauna a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, domin wannan matsanancin halin yakan zo ne ya wuce, kuma nisanta mutum da abin cutarwa a waɗannan sa'o'in na ceton rai. Kada a yi masa alkawarin rufa asiri. A kira wani babba da ya yarda da shi, a raka shi asibitin makaranta ko mafi kusa ko da tsakar dare ne. Bayan an ga likita kuma aikin bai ƙare ba. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, matasa na buƙatar a sa musu ido sosai a farkon shansa, kuma makonnin farko bayan fitowa daga asibiti suna daga cikin lokutan da haɗari ya fi yawa. Saboda haka a san wanda zai raka shi ranar komawa ganin likita, a kuma san wanda zai je wurin kodinetan aji da takardar asibiti kafin a rufe karɓar uzuri.